Ƙurajen Fuska da na Baya ga Ɗan Wasa: Laifin Gumi Ne?

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 19, ina buga ƙwallon ƙafa, ina zuwa ɗaga ƙarfe sau uku a mako, wani lokaci kuma in hau keken tsere. Tun da na ƙara yawan atisaye ƙuraje suka feso mini a goshi, da haɓa, da kafaɗu, da baya. Wasu ƙanana ne farare ba sa zafi, wasu kuma jajaye masu mugunya. Ina wanka sau uku ko huɗu a rana da soso mai kaushi da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, ina kuma matse su, amma kamar ƙara su nake yi, kuma duk inda ɗaya ya mutu sai ya bar baƙin tabo. Abokaina sun ce gumi ne, wani ya ce garin furotin ɗin da nake sha ne. Sai na bar wasa ne za su tafi? Wane magani zan yi amfani da shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko gumi ne ke kawo ƙurajen nan, ko akwai hannun abin da kake sha, da kuma abin da za ka yi su lafa ba tare da ka bar fili ba. Bari in fara da wanda ya fi damunka: ba sai ka bar wasa ba. A aikina na likitan fata ban taɓa ce wa ɗan wasa ya zauna a gida saboda ƙurajen balaga ba. Abin da nake canja musu shi ne abin da ke gogar fatarsu, da yadda suke wanke ta, da yadda suke shafa magani. Sai dai ka riƙe cewa a kan abin da ka rubuto nake magana, ban ga fatarka da idona ba, kuma akwai wasu cututtukan fata da ke kama da waɗannan ƙuraje alhali maganinsu daban ne. Zan zo kansu.

Yadda ƙurjin ke somawa

Kowane gashi a jikinka, har da ƙananan nan da ba a gani sai an matso kusa, ta wata 'yar siririyar ƙofa yake fitowa. A gefen ƙofar, can ciki, akwai 'yar jaka mai samar da maiƙo, maiƙon ya biyo jikin gashin ya fito waje ya sa fata ta yi laushi. Jakunkunan nan sun fi yawa da girma a fuska, ƙirji, kafaɗu da saman baya, shi ya sa a nan ƙurajen suke taruwa, ba a ƙwauri ko tafin hannu ba. Da mutum ya balaga, sinadaran jiki irin su testosteron sai su sa jakunkunan su girma su ƙara aiki. A daidai wannan lokaci kuma matattun ƙwayoyin fata da ke zuba a cikin ƙofar, maimakon su fice ɗaya bayan ɗaya, sai su manne da juna, su cuɗu da maiƙon, su toshe hanya.

Idan bakin ƙofar ya rufe ruf a kan abin da ya toshe ta, shi ne ƙaramin farin ƙurjin nan da ka ce ba ya zafi, wanda ka fi jin sa da yatsa fiye da ganinsa a madubi. Idan bakin a buɗe yake, iska ta taɓa saman sai ya yi baƙi. Mutane da yawa sun ɗauka datti ne, ba datti ba ne, kuma ko sau nawa aka wanke ba ya fita. Akwai kuma wata ƙwayar bakteriya mai suna Cutibacterium acnes da ke zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar ƙuraje. Ba ta son iska, maiƙo ne abincinta. Ƙofar da ta toshe ta ba ta duka biyun, sai ta hayayyafa, jiki ya turo ƙwayoyin jinin da ke kare shi, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya tara mugunya. In bangon ƙofar ya fashe can ƙasa, abin da ke ciki ya watsu cikin nama, shi ne manyan ƙurajen nan masu tauri da zafi waɗanda ke barin rami.

Abu biyu nake so ka ɗauka daga wannan bayani, domin duk abin da zan faɗa a gaba a kansu ya dogara. Matsalar daga cikin ƙofa take tasowa, inda sabulu da soso ba sa kaiwa. Sannan ƙurjin da ka gani yau da safe ba jiya ya soma ba, ya yi makonni yana haɗuwa a ɓoye. Kuma ba kai kaɗai ba ne: kusan 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna samun ƙurajen nan, da mai wasa da wanda bai taɓa shiga fili ba.

To ina gumi ya shigo?

Abokanka sun ga wani abu na gaskiya amma sun ɗora laifin inda bai dace ba. Gumin da ke zubo maka a fili ta wasu ƙofofi daban yake fitowa, ba ta ƙofar gashi ba, kuma kusan dukansa ruwa ne da ɗan gishiri. An taɓa yin wani ƙaramin bincike a Amurka, aka buga shi a 2008, inda aka raba samari kashi uku: waɗanda ba su motsa jiki ba, waɗanda suka motsa suka yi wanka cikin awa ɗaya, da waɗanda suka jira awa huɗu kafin wanka. Ba a ga wani bambanci a fili ba a ƙurajen jikinsu. Binciken ƙarami ne kuma na ɗan gajeren lokaci, don haka ba zan ce ka kwana da gumi ba, amma ya isa ya nuna cewa ba nan gizo ke saƙar ba.

Abin da gumi ke yi shi ne ya jiƙa saman fata ta kumbura kaɗan, bakin ƙofar ya ƙara matsewa. Sai a zo a ɗora riga mai matse jiki a kai, ko hular kwano, ko igiyar jaka, ga zafi, ga gogayya na awa biyu. A 1975 wasu masu binciken fata biyu a Amurka, Otto Mills da Albert Kligman, suka bayyana wannan nau'i suka sa masa suna acne mechanica. Zafi, rufewa, matsi da goga, idan suka haɗu a fatar da dama can tana da halin yin ƙuraje, su ne ke mai da ƙananan toshewar da ba a gani su zama jajayen ƙuraje.

Hanyar gane shi ita ce a dubi inda ƙurajen suka jeru. Na sha ganin mai hawan keke da ƙuraje a layi ɗaya daga kunne zuwa ƙasan haɓa, daidai inda igiyar hular ke bi, sauran kumatun kuma fes. Na ga mai ɗaga ƙarfe da faci biyu a allon kafaɗa, daidai inda bayansa ke mannuwa da bencin da yake kwanciya a kai. Wani da na ce ya zo mini da hular kwanonsa, da muka juya ta sai ga soson da ke cikin ta wajen goshi ya yi duhu, ya yi santsi da maiƙo, in ka danna shi da yatsa yana danshi, kuma tun da ya saye ta bai taɓa sanin ana ciro soson nan a wanke ba. Kai ma da ka ambaci goshi, haɓa, kafaɗu da baya, ka lissafa mini wuraren da kayan wasanka ke taɓawa ne. Ka tsaya gaban madubi ka sa hular, ka rataya jakarka, ka ga ko layin bai dace ba.

Ga kuma inda za ka ji ba daɗi. Soso mai kaushi sau huɗu a rana shi ma goga ne, babu abin da ya raba shi da igiyar hula a wurin fata. Yana fasa ƙananan toshewar a ciki, ya kankare saman fata mai kare ta, sabulu mai ƙarfi ya zo ya busar da abin da ya rage. Fatar da aka yi wa haka ba ta iya jure maganin ƙuraje, da ka shafa sai raɗaɗi, sai ka ce maganin bai karɓe ka ba. Da ka ce kamar ƙara su kake yi, gaskiya ka faɗa.

Ka tabbata su ne?

Kafin magani, ka duba abu ɗaya: ƙaiƙayi. Ƙurajen balaga ba su cika ƙaiƙayi ba, kuma iri-iri ne, ga ƙanana, ga manya, ga masu baƙin kai. Idan na ƙirjinka da bayanka duk girmansu ɗaya, ƙanana jajaye kamar an yayyafa, suna ƙaiƙayi musamman in ka yi gumi, kuma babu masu baƙin kai a cikinsu, mai yiwuwa ƙwayar fangas ce mai suna Malassezia, wadda ke kawo kyasbi, take kuma da hannu a amosanin kai. Tana son zafi da maiƙo, don haka jikin ɗan wasa ya yi mata daidai. Antibayotik ba ya taɓa ta, yakan ma ƙara mata ƙarfi. Maganinta shamfu ne mai ketokonazol, irin Nizoral, a shafa a wurin a bar shi minti biyar kafin a ɗauraye. Ba abin mamaki ba ne mutum ya kasance da ita da ƙurajen balaga a lokaci guda.

Sauran zan wuce su da sauri. Ƙurajen zafi ƙanana ne masu tsikari, suna lafawa da zarar jiki ya huce kwana biyu. Na aski suna fitowa a gemu da wuya inda gashi ya lanƙwashe ya koma cikin fata. Masu tauri a ƙeya, inda bakin hula ko kwalar riga ke goga, wani ciwo ne daban da ke iya zama tabo mai kauri, a kai shi wurin likita da wuri. Wanda ba na wasa da shi shi ne maruru: ƙurji ɗaya babba, mai zafi, yana girma cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da zazzaɓi. A wasannin da jiki ke haɗuwa da jiki, irin kokawa, bakteriyar da ke kawo shi tana yawo ta tawul, reza da tabarmar wasa, kuma wani nau'inta ba ya jin antibayotik na yau da kullum. Haka ma ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka taru wuri ɗaya suna zugi. Waɗannan biyun a daina atisaye da mutane har sai likita ya gani.

Abin da za ka canja daga gobe

Ka ajiye soson. Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, da tafin hannu da sabulu mai laushi marar ƙamshi, ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba. Ranar atisaye ka sa wankan bayan atisaye ya zama ɗaya daga cikin biyun, ko ka ƙara na uku da ruwa zalla. Tawul kuma a dafa shi a fata a ɗaga, ba a murza ba, musamman a fili lokacin da kake share gumi. Yawancin 'yan wasa da gefen rigar da suka jiƙe suke goge goshi, sau ashirin kafin a tashi.

Rigar da ta jiƙe kada ta bushe a jikinka. Ka riƙa zuwa da busasshiya, ka canja a nan take ko da wankan sai ka isa gida. Rigar roba mai manne wa jiki da ake sawa ƙarƙashin jesi, in ba dole ba, ka bar ta na wata uku ka gani. Kada ka maimaita rigar jiya. Ka ciro soson hular kwano ka wanke, ka wanke igiyar ma, ka ɗan sassauta ta yadda yatsa biyu za su shiga amma ba ta yi sako-sako ba, domin kare kai ya fi kare fata. Ka shimfiɗa naka tawul a kan benci kafin ka kwanta. Jakar goyo bayan atisaye, a kan baya mai gumi, ita ma ka riƙe ta a hannu.

Sai man gashi, wanda ba kowa ke tuna shi ba. Wanda ya shafa mai mai kauri a kai ya shiga fili, gumi ne zai narko da shi ya gangaro goshi, hula ta danne shi a can. Fararen ƙananan ƙurajen da ke jeruwa a bakin gashi sau da yawa daga nan suke. Kada ka shafa man gashi kafin wasa. Man fuska da man kare rana kuma ka nemi marasa nauyi, waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa ba sa toshe ƙofofin fata.

Matsewa kuwa ka bar shi gaba ɗaya. Wani ɓangaren abin da ka matse waje yake fita, wani ya fashe ciki, kuma shi ne baƙin tabon da kake kuka da shi. Garin neman gira ake rasa ido: ƙurjin da zai mutu cikin mako ɗaya ya bar maka tabon wata shida.

Magungunan shafawa

Waɗannan canje-canje suna rage sababbin ƙuraje, amma su kaɗai ba kasafai suke isa ba ga wanda nasa suka kai yadda ka kwatanta. Magani biyu nake farawa da su.

Na farko benzoyil feroksaid, wanda ke cikin kayayyaki irin su PanOxyl. Yana kashe bakteriyar nan, kuma ba ta saba da shi ta daina ji kamar yadda take yi wa antibayotik. Ana samun sa mai ƙarfin kashi 2.5, 5 da 10 cikin ɗari. A fuska mai 2.5 yana aiki kusan daidai da mai 10, kuma bai kai shi cin fata ba, saboda haka kada ka bi babbar lamba. Ga baya da ƙirji, inda fata ta fi kauri kuma hannu ba ya kaiwa ko'ina, na fi son na wanka: ka shafa shi bayan atisaye, ka bar kumfar minti biyu zuwa biyar, ka wanke sauran jikinka kafin nan, sannan ka ɗauraye sosai. Wanda ya shafa ya ɗauraye nan take, a magudana ya zubar da maganinsa. Gargaɗi ɗaya: yana cinye launin tufafi. Zai ɓata maka jesi mai launi, da tawul, da rigar matashin kai, don haka ka nemi farin tawul. Ka fara gwada shi a ɗan wuri kwana biyu ko uku, domin akwai 'yan kaɗan da jikinsu ba ya karɓar sa sam, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi.

Na biyu adafalin mai kashi 0.1, wanda aka fi sani da Differin. Ga fararen ƙurajen nan masu rufaffen baki, shi ne maganin gaske, domin aikinsa hana matattun ƙwayoyin fata mannewa a cikin ƙofa, wato yana tare abin tun daga tushe. Tun 2016 ake sayar da shi a Amurka ba tare da takardar likita ba, a wasu ƙasashe kuma sai da takarda. Da dare ake shafa shi, a busasshiyar fata, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka. Ka lura, fuska duka na ce, ko duk wurin da ƙurajen ke fitowa, ba a ɗiga a kan ƙurji ɗaya-ɗaya ba. Wanda ya riga ya fito ya gama tafiyarsa, waɗanda ke haɗuwa a ɓoye kake tarewa. Ka fara da sau biyu ko uku a mako, ka ƙara a hankali, ka kauce wa gefen ido, gefen hanci da leɓe, ka bi shi da man jiƙa fata marar nauyi. Mace mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi.

Makonni biyu zuwa huɗu na farko fata za ta bushe, ta ɗan saɓule, wani lokaci ƙurajen su yi kamar sun ƙaru. A nan ne yawancin mutane ke jefar da maganin su sayi wani, shi ma su jefar bayan kwana goma, a shekara sun gwada iri takwas ba wanda ya samu damar yin aiki. Sai an kai mako 8 zuwa 12 ake yanke hukunci. Kada kuma ka shafa ɗayansu dab da shiga fili, gumi zai kwaso shi ya zuba maka a ido.

Salisilik asid mai kashi 0.5 zuwa 2 yana taimakawa ga ƙananan ƙuraje, ya fi su sauƙi, kuma bai kai su ƙarfi ba. Kilindamaisin, antibayotik na shafawa, kada a yi amfani da shi shi kaɗai, sai tare da benzoyil feroksaid. Abin da nake roƙon ka nisanta shi ne mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, irin betametason da kilobetasol, waɗanda ake cakuɗawa cikin man haɗi ko man sa haske. Kwana uku na farko jan zai kwanta ka ce ka dace, bayan wata ɗaya su feso ninki biyu a fatar da ta yi siriri. Man goge haƙori da ruwan lemon tsami kuma ƙuna kawai suke yi su ƙara baƙin tabo.

Garin furotin, da abin da ya fi shi

Wanda ya ce maka furotin ne bai yi magana a banza ba. Likitoci sun sha ba da rahoton samari 'yan wasa da ƙurajensu suka tashi, musamman a baya da ƙirji, bayan sun fara shan garin furotin na madara, wanda aka rubuta whey a jikin robarsa, suka kuma lafa da suka daina. Akwai dalili a kimiyyance: yana ɗaga insulin da wani sinadari mai suna IGF-1, su kuma suna zuga jakunkunan maiƙo. Hujjar ba ta kai ƙarfin a ce kowa ya bari ba, mutane da yawa suna sha ba abin da ya same su. Amma kai da ƙurajenka suka zo tare da ƙarin atisaye, ka tuna ko a wannan lokacin ka fara shan garin. In haka ne, ka ajiye shi wata uku ka samu furotin ɗinka daga abinci. In fata ta kwanta ka koma sha suka dawo, ka samu amsarka. Lemukan kwalba da na ƙara kuzari masu sukari da yawa su ma ta hanyar insulin suke bi. Allurar bitamin B12 mai yawa, da wasu ke yi don neman ƙarfi, tana iya tayar da ƙuraje farat ɗaya.

Akwai tambayar da nake yi wa duk mai ɗaga ƙarfe bayan na rufe ƙofa, ba don zargi ba: akwai allura ko ƙwayar gina tsoka da kake amfani da ita? Sitiroyid na gina jiki dangin testosteron ne, kai tsaye yake kumbura jakunkunan maiƙo. Ƙurajensa manya ne, masu zurfi, a kafaɗu da baya da ƙirji, sukan fashe su zama gyambo, kuma babu man da zai yi maganinsu muddin ana ci gaba da shi. Fatar ma ita ce ƙaramar asara idan aka kwatanta da abin da yake yi wa hanta, zuciya da haihuwa. Wani ma bai san yana sha ba, domin an sha gano irin waɗannan sinadarai a cikin garin gina jiki da ba a rubuta su a jikin robar ba. A dokar hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba.

Lokacin zuwa wurin likita

Ka je idan ka cika wata uku kana bin abin da na faɗa ba canji, ko kana da manya masu zurfi da zafi, ko sun fara barin rami ko tabo mai tudu, ko abin ya kai ka fara guje wa cire riga a gaban abokan wasa. Na ƙarshen nan dalili ne cikakke, kada ka raina shi. Da ka shiga kuma ka fara da cewa kai ɗan wasa ne, domin hakan yana canja zaɓin magani.

Doksisaikilin shi ne antibayotik ɗin da aka fi bayarwa, na wata uku zuwa huɗu, tare da na shafawa, ba a shekara ana sha ba. Yana sa fata ta ƙone da wuri a rana, kai kuma a rana kake yini. A haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta sai bayan rabin awa, in ba haka ba yana iya maƙalewa ya ƙona maƙoshi. Isotiretinoyin, wanda aka sani da Roaccutane, shi ne mafi ƙarfi, an fara amfani da shi a Amurka a 1982, kuma ga masu manyan ƙuraje babu kamarsa. Yawanci wata huɗu zuwa shida ake sha, ƙarƙashin kulawar likita da gwajin jini. Ba ya cikin haramtattun magunguna na WADA, amma ɗan wasa ya san cewa yana busar da leɓe da ido, yana sa fata saurin saluɓewa in an goge ta, yana kuma kawo ciwon tsoka, gaɓoɓi da baya, wanda atisaye mai nauyi ke tsanantawa. Shi ya sa nakan so a fara shi lokacin hutun kakar wasa in zai yiwu. Ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai duhu, ko sauyin hali da ƙuncin rai, a koma wurin likita a ranar. Ba a haɗa shi da doksisaikilin, ba a ba da jini ana shan sa, kuma yana nakasa jariri a ciki, don haka ba maganin da ake ara wa aboki ko 'yar'uwa ba ne.

In 'yar'uwa mai wasa ce ke karanta wannan, ga naki. Sipironolakton magani ne mai kyau ga ƙurajen haɓa da muƙamuƙi da ke tashi gab da al'ada, amma yana cikin magungunan sa fitsari da WADA ta haramta a kowane lokaci, da gasa da ba gasa. Mai shiga gasar da ake gwaji sai ta nemi izini na musamman, TUE, kafin ta fara. Haka allurar sitiroyid da likita ke yi a cikin babban ƙurji don ya sace da wuri: tun 2022 duk allurar irin wannan sitiroyid haramun ce lokacin gasa, ga mace da namiji. Jerin yana sabuntuwa kowace 1 ga Janairu, a duba na shekarar.

Baƙin tabon da ka ambata, in shafaffe ne ba rami ba, launi ne kawai da kumburi ya bari, kuma ya fi fitowa a fata mai duhu. Yana gushewa da kansa, sai dai yana ɗaukar watanni, rana kuma tana ƙara masa duhu. Ka shafa man kare rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama, wanda ke jure ruwa, a sake shafawa bayan awa biyu in ana fili. Adafalin ɗin da kake shafawa yana taimaka wa tabon, azelayik asid mai kashi 15 zuwa 20 ma haka. Tabo mai tudu a ƙirji, kafaɗa ko muƙamuƙi kuwa ba ya jin man shafawa, kuma ya fi sauƙin magani yana ƙarami.

Kafin ka fara komai, ka sa wani ya ɗauki hoton fuskarka da bayanka a wuri mai haske, ka sake ɗauka a wurin duk bayan mako huɗu, domin mai duba madubi kullum ba ya ganin sauyi. In ta kai ga zuwa asibiti, ka tafi da hotunan, da robar garin furotin ɗin, da duk wani mai da sabulun da ka taɓa shafawa, da hular kwanon.